Ɗana na fari ya ishe ni, kuma kunya ta hana ni wasa da shi

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali?

Ina rubuto miki ne daga wani ƙauye kusa da Gujungu, cikin ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa. Shekarata 26, 'ya'yana uku: namiji ɗan shekara 6, mace 'yar shekara 4, sai na goye wanda bai kai shekara 2 ba. Maigidana da an gama girbi yake tafiya cin rani Legas, ba ma ganinsa sai an kusa ruwan shuka. Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, Inna.

Babban yaron ne ya ishe ni. Ya doki ƙanwarsa, ya kori kaji, ya ɓarar da ruwan da na sha wahalar ɗebowa, ba ya zama wuri ɗaya sai na miƙa masa waya. Akwai tsohuwar wayar babansu mai katun a memori, kullum sai na aika da ita caji saboda shi. Da Sallah 'ya'yan ƙanin maigida suka zo daga Kano da mota mai batir, tun daga ranar kukansa ke nan a saya masa irinta, ni kuwa ba ni da hali. Ina ganin matan birni a waya suna wasa da 'ya'yansu, sai in ji kamar ni ban cika uwa ba. Rannan na gwada, na kama shi ina yi masa cakulkuli muna ta dariya, sai Inna ta leƙo ta ce, "Ikon Allah, yau kuma uwa ce ke ƙyalƙyala dariya da ɗan fari? Zamani!" Kunya ta rufe ni, ban sake ba. Ga surfe, ga girki, ga ɗiban ruwa, ga gyaran zoɓo da nake yi ana biyana. Kafin dare na gaji liƙis, da sun yi abu kaɗan sai duka, in sun yi barci kuma in zauna ina kuka. Don Allah Anti ki ba ni shawara.

Uwar yara uku

Wa alaikumus salam, 'yata. Sannu da ɗawainiya. Mace ɗaya da yara uku da turmi da guga, miji yana Legas, duk wanda ya ce ba ki cika uwa ba bai taɓa ɗaukar tulu da goyo a baya ba.

Na karanta wasiƙarki har sau biyu. A duk tsawonta wuri ɗaya ne aka yi dariya, kuma yatsunki ne a haƙarƙarin yaron suka kawo ta. Daga nan zan fara, domin a ganina nan ciwon yake. Maganar waya da ta mota rassa ne, za mu zo kansu.

Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, a cikinta na tashi, kuma ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Amma ban tashi da ƙishin uwa ba, saboda ranar da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata. Ita ta goya ni, a cinyarta nake barci, ita ke ɓoye min ƙanzo da ƙuli-ƙuli a gefen zane. Haka tsarin yake a da: uwa ta kau da kai daga ɗan fari, amma kafin ta kau da kan an riga an tanadar masa wata cinyar, ta kaka, ko ta goggo, ko ta abokiyar zaman uwar da Allah bai ba haihuwa ba. Kunyar da riƙon tare suke tafiya, kamar guga da igiya. Abin da ya faru a gidaje da yawa yanzu shi ne riƙon ya tafi, kunyar ta zauna. Yaro yana ɗakin uwarsa, ita ke masa wanka, ita ke zuba masa tuwo, ita ke dukansa, amma ba ta dariya da shi, ba ta jawo shi jikinta. Ɗan shekara 6 kuwa bai san wani abu wai shi alkunya ba. Abin da idonsa ke nuna masa shi ne ƙanwarsa tana tsakanin ƙafafunki ana mata kitso, ƙaninsa yana baya ana jijjiga shi ana masa waƙa, shi kuma ba a nemansa sai za a aike shi ko ya yi laifi. Yaro ba wawa ba ne. Ya gano cewa in ya ɓarar da ruwa za ki ajiye taɓarya ki zo kansa, ko da da tsumagiya ne, kuma a wurinsa zuwanki da tsumagiya ya fi rashin zuwanki.

Ban ce duk ƙiriniyarsa daga nan take ba. Namiji mai waɗannan shekaru da ma jikinsa ƙaiƙayi yake yi, ga kuma kewar uba na wata da watanni wadda ba shi da bakin faɗa. Amma wannan ɓangaren shi ne a hannunki.

Kunya ta gaban mutane ce. Ki ci gaba da riƙe ta a tsakar gida: kada ki kira sunansa a gaban Inna in ba ki saba ba, kada ki yabe shi a gaban baƙi. Amma in kin saki labulen ɗakinki, babu al'adar da ta biyo ki ciki. In ƙananan sun yi barci, ki ba shi ɗan lokaci nasa shi kaɗai, ko da gwargwadon abin da za a dama kunu ne. Ki shafa masa mai a ƙafa tunda hunturu na fasa kaushi, ki tambaye shi wa ya kayar da wa a waje yau, ki bar shi ya zuba miki surutu ba tare da kin gyara masa ko kin yi masa faɗa ba. Ranar farko zai iya noƙewa, ko ya yi ta dariyar da ba dalili, domin baƙon abu ne a wurinsa. Ke ma za ki ji nauyi. Ki daure ki maimaita gobe.

Sai Inna. Kada ki yi jayayya da ita, kada kuma ki kai ƙararta Legas ta waya, wannan sai ya mayar da ƙaramar magana babba. Ki dai sake duba abin da ta ce. Ba ta ce wasa da yaro laifi ba ne, cewa ta yi uwa da ɗan fari. Ita al'adar da ta ɗaure miki hannu, ita ce kuma ta kwance wa Inna nata, domin babu wanda ya kai kaka izinin wasa da jika. Jika namiji mijinta ne, ta tsokane shi ya kawo kuɗin cefane, ta ce ta fasa auren tunda ba ya wanka. Jika mace kishiyarta ce, su yi ta cacar baki a kan wa ya fi iya miya. To ki mayar mata da riƙon da al'ada ta ce nata ne. Wata rana da yamma ki kai mata ɗan goro ko ƙosai mai zafi, ki durƙusa ki ce, "Inna, mijin nan naki ya fi ƙarfina. Ko za ki riƙa yi musu tatsuniya bayan isha'i? Ni duk na manta su, kuma ko na tuna ba na iya jero su kamar ke." Da wuya ki samu tsohuwar da za a gaya mata akwai abin da ita kaɗai ta iya, ta ƙi. Ƙila ta yi ƙorafin ciwon baya, ta ce yaran yanzu ba sa saurare. Ki shimfiɗa tabarmar a ƙofar ɗakinta kawai, ki zauna daga gefe da faifanki kina gyaran zoɓonki.

Ba na raina tatsuniya ko kaɗan, kuma ina jin haushin yadda muka bar ta ta mutu a gidajenmu muka koma sayen caji. Dubi abin da ke cikinta. Mai bayarwa ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," dole yaro ya amsa "Ta zo mu ji ta," ya riga ya shiga ciki ke nan, ba ɗan kallo ba ne. Dole ya yi shiru ya bi zaren labari, ya riƙe abin da Gizo ya faɗa wa Ƙoƙi tun farko don ya gane inda ƙaryar za ta kama shi. In akwai waƙa a ciki, kowa ya amsa, har 'yar shekara 4. Babu hoto, shi zai zana wa kansa kura da dodo a cikin kai. Yana tsintar kalmomin da ba zai ji a katun ba. In an kai "Ƙurunƙus" kuma an gama, kowa ya san lokacin barci ya yi, ba kamar waya ba da in wannan ya ƙare wani ke biyo shi. Bayan kwana biyu ki ce shi ya ba ƙanwarsa wadda Inna ta yi jiya. Zai haɗa kan wannan da jelar waccan, ki bar shi. Camfin nan da aka yi mana muna yara, wai mai yin tatsuniya da rana ɓata zai yi, ni dai na ɗauke shi dabarar manya ce don kada a bar surfe a zauna hira.

Daren da Inna ba ta jin daɗi, kacici-kacici ya ishe ku, kuma wannan kina iya yi hannunki na kan aiki. "Ƙulin ƙulifita," su ce "Gauta." Baba na ɗaka gemu na waje. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. Rawanin baba ya faskari naɗawa. In sun kasa, su ba ki gari kafin ki faɗa musu hayaƙi ne, tsintsiya ce, hanya ce. A nan ma akwai riba, don garin da za su bayar sai sun san sunansa: yau Ringim, gobe Gumel, jibi Haɗeja, wata rana a ba ki Legas ɗungurungum da babansu a ciki. Sannan ki jefa musu na karya harshe, kwaɗo da ƙato da suka tafi neman ƙoto, ki ce a faɗa sau uku da sauri. Ke ma za ki sarƙe, su yi miki dariya, kuma yana da kyau yaro ya ga uwarsa ta sarƙe ta yi dariyar kanta.

Yanzu maganar mota mai batir. Ki gaya masa gaskiya: ba mu da kuɗinta yanzu. Kada ki ce "in babanka ya dawo zai sayo maka" alhali ba ku yi haka da uban ba. Akwai hadisin da wata mata ta kira ɗanta ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce mata da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Yaro yana jure "babu" fiye da yadda muke zato, alkawarin da ba a cikawa ne ke koya masa naci.

Kuma ke da kike zaune a ƙauye bayan girbi, kayan wasa a jibge suke a bayan dangarki. Karan dawa kaɗai ya isa. Da totuwarsa da ɓawonsa ake yin mota har da tayoyi, a yi tabarau, a yi keke, a yi gadon 'yar tsana. Ba sai ke kin iya ba. A kowace unguwa akwai yaro ɗan shekara 11 ko 12 da ya gwanance, ko almajirin da ke karɓar tuwo a gidanku. Ki kira shi, ki ƙara masa miya, ki ce ya zauna a zaure ya koya wa naki. Sharaɗin kawai, babban ne zai riƙe reza, kuma a kula, ɓawon kara yana yanka kamar aska. Motar Kano in batir ya ƙare ko taya ta fita ta zama shara, ta kara kuwa in ta karye a gyara, gobe a ƙara mata bodi a ce ta ɗauko ridi za ta Gujungu ranar Lahadi. Yini guda zai yi a kanta. Ga gwangwanin madara da murafen kwalba, ga tsohuwar tayar keke ta gare, ga tsumma da leda a ɗaure a yi ƙwallo. Ga laka: a gina shanu da ƙaho da tozo, a shanya su a rana, a yi musu turke da tsinke. Ita 'yar shekara 4 ki ba ta fasasshen ƙoƙo da gwangwanaye biyu da tsinken muciya, ta yi tuwon ƙasarta kusa da ke. In ta kawo miki ɗanɗano, ki kai hannu kusa da baki ki ce gishiri ya yi kaɗan. Wannan kalma ɗaya da kika faɗa ita ce wasan, ba ta hana ki tankaɗe ba.

A nan nake son ki sauke wa kanki wani nauyi. Matan da kike gani a waya sun share ɗaki, sun zauna a kan kafet da kayan wasa kala-kala, minti biyu aka ɗauka aka nuna miki, ba ki ga sauran yinin ba. Iyayenmu ba su taɓa ware lokaci sun ce na wasa da yara ne ba, a cikin aikin ake yi. In kina tsince wake, ki zuba musu nasu a faifai, a ga wanda zai riga tara tsakuwa goma. In kina ɓarar gyaɗa, babban ya jera miki goma-goma, ga lissafi ya shigo ba allo ba bulala. In kina daka, ki yi luguden da zai sa na goye ya yi rawa. In za ki rijiya, ki ba babban 'yar jarkar da zai iya ɗauka, ya zuba a randa da kansa. Wanda ya ɗebo ruwa da hannunsa ba ya saurin ɓarar da shi.

Abin da na fi so ki gwada shi ne ki ba shi dabba. Cikin kajin da yake kora, ki nuna ɗaya ki ce daga yau tasa ce. Shi zai ba ta tsaki da ruwa, shi zai tabbatar ta shiga akurki da magariba, shi zai ƙirga ƙwai. In ta fara kwanci, ku samo gwangwani, kowace safiya ya jefa tsakuwa ɗaya. Kwana 21 kaza take yi ta ƙyanƙyashe. Yaron da ba ya iya jiran a sauke tukunya zai koyi jiran sati uku, kuma zai zama shi ke hana wasu korar kaji. Sai dai in kin ce tasa ce, ta zama tasa. Kada a wayi gari an yi baƙo a yanka ta ba a gaya masa ba.

Na goye ba ya buƙatar komai sai fuskarki da muryarki. Ki rufe fuska da mayafi ki buɗe, ki ba shi kwano da ludayi ya yi ta kiɗa, ki riƙa gaya masa abin da kike yi ko da kina ganin ba ya ganewa: ga wuta, ga ruwa, akuya ta shigo, kore ta. Da haka baki ke buɗewa.

Shi kuma babban, kada ki tsare shi a gida yini guda. Tsakar gida ta yi wa ɗan shekara 6 kaɗan. Ya fita cikin sa'o'insa a yi langa, a yi ɓuya, a buga ƙwallo, ya dawo da ƙura har gira, ya ci tuwo ya faɗi. Ba ki ambaci makaranta ba. Shekara 6 ita ce ta shiga aji ɗaya na firamare, in akwai a garinku ko maƙwabta a kai shi, ga ta allo kuma. Rabin fitinar da kike gani ƙarfi ne da bai samu wurin zuwa ba.

Waya ba zan ce ki jefa ta rijiya ba, na san ranar da ciwon kai ya kama ki ita ce ke ba ki sararin numfashi. Amma yadda ake ba shi ita yanzu, kuka ne kuɗin sayenta: ya yi fitina, a miƙa masa. Kullum kina biyansa lada a kan abin da kike so ya bari. Ki juya abin. A sa mata lokaci ɗaya sananne, misali bayan la'asar in ya ba kazarsa ruwa, katun ɗaya ko biyu, a karɓe. Ba a bayarwa don ana kuka, ba a bayarwa a kan tuwo, ba a bayarwa a shimfiɗar barci. Kwanakin farko zai yi birgima har maƙwabta su leƙo. In kika ba shi a rana ta uku don ya ƙara ƙarfin kukan, kin koya masa cewa ƙarin kuka ne maganin. In ya gama kallo, ki ce ya ba ki labarin abin da ya gani. Ki kuma duba memorin da kanki, domin masu tura finafinai a shagon caji ba sa tantance abin da suke zubawa. Ƙananan su ne abin lura sosai, tunda a kafaɗarsa suke leƙe. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a kan yara 'yan ƙasa da shekara 5: wanda bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi, sannan yaro daga shekara 1 zuwa 4 ya samu aƙalla awa uku yana motsa jiki. Wannan na ƙarshen yaran ƙauye sun fi na birni samunsa nesa ba kusa ba, kada waya ta ƙwace musu.

Akwai aikin da wayar za ta yi wanda ya fi katun. Ki roƙi maigidanki, cikin lallashi, in ya kira ya riƙa cewa a ba shi babban su yi magana su biyu, ko minti uku ne. Kada ta zama "kana jin maganar babarka ko?" kaɗai. Ya tambaye shi kazarsa, ya gaya masa ya ga teku, ya ga gada mai tsawon da ba a ganin ƙarshenta, ya ba shi kacici-kacici ya ce sai Juma'a zai karɓi amsa. In ya dawo da damina kuma ya ɗora shi a amalanke zuwa gona, ya riƙe hannunsa zuwa kasuwa. Maza ma suna da tasu kunyar ta ɗan fari, wani lokaci ta fi ta mata tsauri. In ya ce girma ya hana, to wa ya kai Manzon Allah (SAW) girma? Bukhari da Muslim sun ruwaito yana sallah ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis, shi kuwa ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Har ƙanin Anas, ƙaramin yaro mai ɗan tsuntsu, yakan tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun nasa. Na kawo miki waɗannan don zuciyarki ta natsu cewa abin da kika yi rannan ba rashin tarbiyya ba ne. Ban kawo su don ki je ki karanta wa Inna ba. Suruka ba ta karɓar wa'azi daga matar ɗanta, in ma za a faɗa, ɗanta ne zai faɗa.

Dukan da kike yi da dare, ke da kanki kin san ba na tarbiyya ba ne, na gajiya ne, shi ya sa kike kuka bayansa. In kin ji abin ya taso miki, ki yi a'uziyya, in kina tsaye ki zauna, ko ki fita bayan ɗaki ki wanke fuska. Fuska dai ko kusa kada hannu ya kai, addini ya hana. Na goye kuma kada a jijjiga shi da ƙarfi cikin fushi, ƙwaƙwalwarsa ba ta yi ƙwari ba. Ranar da kika doke shi ba da hakki ba, da safe ki jawo shi ki ce jiya na gaji ne. Ba zai raina ki ba. Sannan ki nemi inda za ki rage wa kanki: ku yi karɓa-karɓa da wata maƙwabciya, yau yaranta a gidanki, gobe naki a nata, kowa ta samu awa biyu ta miƙe baya. In kuma kukan nan ya zama na kullum, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, kina jin duniyar ta fita daga ranki, to ya wuce gajiya. Ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya ranar da kika kai na goye rigakafi, ciwo ne kamar kowane, ana kuma taimaka wa mai shi.

Tunda za ki sake su su yi wasa, ki zagaya gidan sau ɗaya da idon mai rarrafe. Rijiya a rufe ta, bokiti ko baho mai ruwa kada a bar shi inda na goye zai kai, ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaron da ya faɗa da ka. Kananzir da fiya-fiya da maganin ɓera a rataye su sama, kada a zuba su a robar lemo, kuma robar maganin feshi ta gona ba abin wasa ba ce ko an wanke ta. Wake da gyaɗa da tsakuwar da babba ke ƙirgawa, a hanci ko maƙogwaron ƙarami suke ƙarewa, a kwashe in an gama. Wutar jin ɗumi ta hunturu kada a bar yara da ita su kaɗai. In damina ta zo ki ja masa kunne a kan wankan kududdufi: bayan haɗarin nutsewa, a nan ake ɗaukar tsargiya, in kin ga jini a fitsarinsa asibiti za ki kai shi, akwai maganinta.

Kada ki ɗauki duk abin da na faɗa ki ce gobe za ki fara gaba ɗaya, sai ki gaji ki watsar. A wannan satin abu biyu sun isa: goron Inna, da man da za ki shafa masa a ƙafa bayan kin saki labule. Kazar ta biyo baya. In ta ƙyanƙyashe ki rubuto min, ina son jin 'yan tsaki nawa ya ƙirga, da kuma abin da Inna ta ce ranar da kika durƙusa kika roƙe ta tatsuniya. Ki gaishe min da ita.